Yadda Ake Fita Daga Gidan Da Ba Ka Taɓa Kwana A Cikinsa Ba

A Turai da Amurka akwai cinikin da ake sayar wa mutum mako guda na shekara. Kamfani zai gina masauki a bakin teku ko a kan duwatsu masu ƙanƙara, ya yanka shekara gida 52, ya sayar wa kowa yanki ɗaya a ɗaki ɗaya. Wanda ya sayi mako na 31 a ɗaki mai lamba 14, duk shekara in makon ya zagayo ɗakin nasa ne, har da katifa da cokula. Ranar da makon ya cika sai ya tattara komatsansa ya ba mai mako na 32 wuri. Wannan mallakar karɓa-karɓa ta faro ne cikin shekarun 1960, da kamfanin Hapimag na Suwizalan a 1963, sai wurin wasan ƙanƙara na Superdévoluy a tsaunukan Faransa. Daga can ta haye Amurka ta yi kasuwa. Har Makka ta je: a farkon shekarun 2000 an sayar da takardun haƙƙin kwana a benen Zamzam da ke kallon Harami, 'yan kwanaki a kowace shekara har tsawon shekara 24.

Shiga ba wuya, fita ce aiki. Mai mako yana biyan kuɗin kula da gini duk shekara, ya je ko bai je ba, kuma kuɗin hawa suke yi. In ya tsufa, gwiwa ta daina hawan dutse, ya nemi mai saye, sai ya tarar dubban tsofaffi sun riga shi layi. A Amurka akwai masu tallar makonsu a eBay kan dalar Amurka ɗaya, wasu har su ce su za su biya kuɗin takardu, mai saye dai ya taimaka ya karɓa. Wasu kamfanoni suka taso da sana'ar fitar da mutane, da yawansu su karɓi kuɗi su bar mutum inda suka same shi. In mai mako ya rasu, makon ya faɗa kan 'ya'yansa tare da bashin da ke wuyansa. Sai da hukumomi suka sa baki. Tarayyar Turai ta kafa ƙa'ida a 2008 cewa mai saye na da kwana 14 ya fasa ba tare da ya faɗi dalili ba. Faransa, wadda dokarta ta 6 ga Janairun 1986 ta kusan toshe ƙofar fita, ta buɗe ta kaɗan a 2009 ta hanyar kotu, sannan a 2014 ta ba magaji damar ajiye makon da ya gada muddin bai wuce shekara biyu da gadonsa ba.

Mutumin Yamai in ya ji wannan labari yakan girgiza kai ya ce Allah ya kyauta wa Nasara. Alhali da yawanmu muna ɗauke da irin wannan kaya, namu ma ya fi nauyi, domin Bature da hannunsa ya sa hannu a takarda, mu kuwa ba wanda ya tambaye mu. Ina nufin kason gidan gado da ba a raba ba. A Zango da Mawrai da Kalle da Gandace da Lakurusu da Bukoki, unguwannin da suka tsufa tare da birnin tun bayan da aka ɗauke fadar mulki daga Damagaram aka dawo da ita Yamai a 1926, akwai gidajen da masu su sun fi ɗakunansu yawa nesa ba kusa ba. Wani mai gidan yana Maraɗi, wani yana Kwatano, wata tana aure a Tawa, wani an haife shi a Abijan bai san kalar ƙofar gidan ba. Dukkansu masu gida ne, kuma dukkansu ana kiransu a waya in damina ta kawo kai.

Sai an yi lissafi kafin a gane girman abin. A ɗauka wani Alhaji ya rasu ya bar gida mai murabba'in mita 600 a Zango, da mata biyu, da 'ya'ya maza 8 da mata 9, iyayensa kuma sun riga shi. Matan biyu za su raba tumunin takaba, mita 75. Sauran 525 a kasa su gida 25, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya: ɗa namiji mita 42, 'ya mace 21. A ranar nan rabo mai yiwuwa ne, domin mita 42 ɗaki ne da falo, 21 kuma ɗaki ne wadatacce. Amma a ranar nan ido jajir yake, ba mai son a ce shi ya fara ɗaga maganar, sai babban wa ya ce, "A bar gidan Baba yadda yake," kowa ya ce madalla.

Shekara ashirin ta wuce. Ɗaya daga cikin mazan ya rasu, mahaifiyarsa tun kafin Alhaji ta rasu, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 3 da mata 4. Mitarsa 42 za a sake kasawa. Malaman fara'ili suna da babi guda kan irin wannan gado a cikin gado, munasakha. Matar ta ɗauki tumuninta, mita 5.25. Sauran 36.75 a kasa goma. Jikanyar Alhaji mace ta tashi da mita 3.675. Babbar katifa mai faɗin mita 1.8 da tsawon mita 2 tana cin mita 3.6, ragowar kuma ya isa a ajiye takalmi ƙafa biyu. In aka juya kason nata zuwa lokaci yadda Turawa ke yi, gidan gaba ɗaya, da zaure da rijiya da dogon yaron tsakar gida, nata ne na kwana 2 da awa 5 da minti 39 a kowace shekara. Wanta namiji yana da kwana 4 da awa 11 da 'yan mintoci. Ba wanda ya taɓa gaya musu a wane wata kwanakin suke.

Kuɗin kula da gini kuwa ba sa fashi. Wajen ƙarshen watan Mayu waya za ta yi ƙara.

"Ƙanwata, kin ga hadari ya fara haɗowa. Katangar gabas ta buɗe baki. An yanka wa kowa jikka 15."

"To Yaya, ai ni rabona da gidan tun rasuwar Inna."

"Na sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

A lura da kalmar da Yaya ya faɗa, kowa. An yanka kuɗin ne bisa kawuna, mai wurin katifa da mai mita 42 da wanda ke zaune a ɗakuna uku duk jikka 15. Gyara kamata ya yi ya bi girman kaso, kamar yadda riba ke binsa, amma ba a cika samun gidan da ake wannan lissafin ba. Bayan katanga akwai yasar masai, akwai kuɗin kuran na NIGELEC da ya taru, akwai kuɗin ruwa, a da SEEN ake biya, tun 2024 kuma NDE, akwai harajin gida in ana ba da haya. Daminar 2020, da kogin Isa ya ɓalle madatsa a Lamorde ya shiga unguwannin Haro Banda, da ta 2024 da ta rusa gidajen laka a faɗin ƙasa, sun koya wa magada da yawa wani abu: faɗuwar gida ba ta kashe kaso. Gida ya kwanta, kason yana nan daram a cikin fili, kiran waya kuma ya tashi daga kuɗin yaɓe ya koma kuɗin bulo da siminti da kwano daga kasuwar Katako.

A nan dole in faɗi gaskiyar ɗaya ɓangaren, don kada a ɗauka mazauna gidan azzalumai ne. Gidan gado a Yamai shi ne mafakar gwaggon da aurenta ya mutu, da yaron da ya zo daga ƙauye karatu, da tsohon da fanshonsa ba ya biyan haya. A birnin da mai gida ke neman kuɗin wata uku a gaba kafin ya miƙa mabuɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai mafakar wasu ana gina ta ne da haƙƙin wasu da ba a nemi yardarsu ba, kuma galibi mata ne, waɗanda aure ya fitar da su, aka ɗauka sun bar kasonsu a bakin ƙofa ranar da aka kai su ɗakin miji. Wadda ta ce tana son fita ba ta ci amanar kowa ba. Abin da take nema Suratun Nisa'i ce ta ba ta shi, kuma surar ta ambaci kaso kaɗan da mai yawa duka.

Abu na farko da mai neman fita zai sani shi ne ba a ƙin gado. A Faransa magaji na iya zuwa kotu ko wurin noter ya ce ba ya so. A Musulunci kuwa dukiya na shiga mallakar magaji ne da fitar ran mamaci, ko yana barci, ko yana Agadas, ko yana cikin uwarsa in dai an haife shi da rai. Don haka mai cewa "ni ban karɓa ba" ya makara. Ya riga ya karɓa.

Abu na biyu, yin shiru ba ya fitar da mutum. Wasu sukan daina ɗaukar waya daga Mayu zuwa Satumba suna zaton shekaru za su shafe sunansu. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a nan, in baƙo ya riƙe gidanka shekara goma kana gani kana shiru ba tare da uzuri ba, da'awarka ta faɗi. Amma Risala ta Ibn Abi Zaid ta ware 'yan'uwa da surukai daga wannan wa'adi, saboda an san ɗan'uwa na kauda kai ga ɗan'uwa. Mai shiru zai yi shekara goma, ya rasa gaisuwar Sallah da katin biki, kason nan kuma yana nan yana jiransa, bayansa ya jira 'ya'yansa.

Sai "na yafe". Wannan ita ce hanyar da aka fi bi, ita ce kuma ta fi haifar da shari'a bayan shekara talatin. Mace za ta faɗa a wurin zaman makoki, murya na rawa, "Ni dai na yafe nawa." Wa ta yafe wa? Ba ta ambata ba. Yaya ya ji shi aka ba, Gwaggo ta ji ita ce, ƙaramin ƙane ya ji an zuba ne a tukunyar kowa. Yafe kaso kyauta ce, kyauta kuma tana son a ambaci wanda aka ba, ya ce ya karɓa, abin ya shiga hannunsa, shaidu su gani. In mai kyauta ta rasu kafin a kammala karɓa, kyautar ta warware, kason ya koma kan 'ya'yanta, su kuma ba su yafe ba. Wanda ya zaɓi kyauta, to ya yi ta da rana tsaka, da suna, da takarda, da shaidu biyu waɗanda ba su da kaso a gidan. Ya kuma tabbata wanda zai ba yana so, domin akwai ƙanen da zai lissafa kuɗin katanga ya ce, "Yaya, na gode, Allah ya saka, amma riƙe abinki."

Akwai masu cewa to a yi karɓa-karɓar mana da gaske. Fiƙihu ya riga kamfanin Suwizalan da ɗaruruwan shekaru a wannan. Muhtasar na Halil, a babin rabo, ya kawo iri uku: rabon ƙuri'a, rabon yarjejeniya, da muhaya'a, wato rabon amfani. A muhaya'a gida na nan na kowa, amma wane ya zauna shekara kaza, wane ya karɓa shekara kaza, ko wane ya riƙe ɗakunan gabas wane na yamma na wani wa'adi sananne. Ya halatta a zama. Inda aka tsananta shi ne kuɗin shiga, a ce wannan wata kai ka karɓi abin da gida ya kawo, wata mai zuwa ni, domin wani watan ɗan haya ya biya, wani watan ya gudu da dare, sai rabo ya zama caca. Masu sharhi sun sassauta ne kawai inda kuɗin hayar sananne ne tabbatacce. Gidajen da ke zagaya kuɗin shagon ƙofar gida wata-wata tsakanin ɗakuna su binciki wannan wurin malaminsu. Ko ta halatta ma, muhaya'a tana amfani ne ga magada huɗu ko biyar. Mai kwana 2 da awa 5 za ta kashe kuɗin mota daga Tawa, ta fitar da mutum talatin waje da tukwanensu, kafin ta gama share tsakar gida lokacinta ya cika. Kuma ko ta yi, ba ta fita ba. Ta ƙara shiga ne.

Saura sayarwa. Dillalin Yamai zai saurare ka da kyau har ka kai wurin da za ka ce gidan gado ne ba a raba ba. Daga nan zai fara duba wayarsa. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Mai saye ba zai iya nuna inda mitarsa take ba, ko a zaure ko a bakin masai, cinikin biri a sama ke nan. Sannan ga shufu'a. Duk abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin ya biya baƙon abin da ya biya ya karɓe kason, ko baƙon ya so ko ya ƙi. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya, sai mai tarayya. Wanda ke gari ya san da cinikin, in ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa haƙƙinsa na nan komai daɗewar tafiyarsa. Ma'ana, baffan da ya tafi Abijan tun zamanin Shugaba Kunce zai iya sauka a tasha wata safiya, ya ji labari, ya ƙirgo wa mai saye kuɗinsa na wancan lokaci, ya ce a ba shi wuri. Ba mai hankalin da zai zuba siminti a kan irin wannan.

Shufu'a tana da jeri kuma. Waɗanda suka haɗa kaso ɗaya su ake fara ba dama kafin sauran magada. Matan Alhaji biyu tumuni ɗaya suka haɗa. Saboda haka in amarya ta sayar da rabinta, wadda ke da haƙƙin farko na karɓewa ita ce uwargida. Matar da ta yi niyyar sayarwa don kada ta sake haɗa komai da kishiyarta ya kamata ta san wannan tun kafin ta kira dillali.

Akwai wanda tafiyarsa ta fi ta Abijan nauyi: ɗan'uwan da ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya aka daina jin ɗuriyarsa. Gidaje da yawa a Nijar suna da irinsa. Ba a raba dukiyar wanda ya ɓace sai an tabbatar da rasuwarsa ko alƙali ya yi hukunci bayan shekarun da ba a saba wuce su a raye ba, wanda mashahurin zance a mazhaba ya sa shekara 70 daga haihuwarsa. Wannan ba ya hana sauran rabuwa. Ana ware kasonsa a ajiye a hannun amintacce da sanin alƙali. Yawancin iyalai ba su san haka ba, sai su bar gida duka a ɗaure saboda mutum ɗaya, uwarsa kuma ba ta son a ambaci rabo don kada ya zama kamar an yanke ƙauna. A irin wannan gida a je da malami mai taushin harshe, a fara da yi wa ɗan addu'ar dawowa lafiya, a nuna mata kasonsa a rubuce da sunansa.

Hanyar da na fi ba mutane shawara ita ce wadda malamai ke kira takharuji: magada su sayi kason mai son fita, ko ɗaya daga cikinsu ya saya, a yi sulhu a kan kuɗi sananne. Gida ya tsira a hannun dangi, Gwaggo ba ta motsa ba, baƙo bai shigo ba, mai fita ya fita da abinsa. Wurin da ake cuta a nan shi ne farashi. Yaya zai kalli katangar da ta tsage ya ce, "Wannan kangon nawa zai yi?" Kangon ba ya yin komai, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce dukiya. Gidan laka da ke tafiyar minti biyar daga Babbar Kasuwa, a tsakiyar birnin da ya cika da benaye da manyan otal tun shirin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, ba a yi masa kuɗi da idon mai tausayin katanga. A kira dillalai uku da ba su san juna ba, kowa ya faɗi abin da za a sayi gidan duka yau, a ɗauki na tsakiya, a fitar da kaso da alƙalami. In masu saye ba su da kuɗin a dunƙule, a yanka biya kashi-kashi, kowane kashi da ranarsa da adadinsa a rubuce. "In Allah ya hore" addu'a ce mai kyau, amma ba a rubuta ta a gurbin kwanan wata.

Yadda za a buɗe maganar ma yana da muhimmanci, domin kunya ta fi kowace doka tsare mutane a gidan gado. Kada a fara ta a wurin biki ko ranar sadakar arba'in, kada kuma a jefa ta cikin zauren WhatsApp na dangi da tsakar dare. A je wa babba a gidansa, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce, "Baffa, na zo ne ku sa mini albarka. Ina son a fitar mini da abin da Allah ya ba ni a gidan Kaka tun kuna raye, don kada 'ya'yanmu su tsaya gaban alƙali bayan ba mu." Dattijon kirki ya san wannan magana gaskiya ce, domin ya ga gidajen da aka yi hakan. Zai yiwu ya ce, "'Yata, me ya yi zafi?" Amsar ita ce ba abin da ya yi zafi, shi ya sa aka zo yanzu.

In an bi duk wannan aka ƙi, akwai ƙofar ƙarshe, kuma a buɗe take. Ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da zai rabu ba tare da ɓarna ba a raba shi, wanda ba zai rabu ba kuma, in ɗaya ya nemi a sayar, a tilasta wa wanda ya ƙi, a raba kuɗin. Dokar Faransa da Nijar ta gaji tushen dokokinta daga gare ta ita ma, a sashe na 815, ta hana a tsare mutum cikin tarayya dole. Nijar ba ta da kundin dokar iyali; daftarin da aka kawo a farkon shekarun 1990 bai samu shiga ba, na 2011 ma haka. Abin da ake yi shi ne kotu ta bi al'adar masu shari'a a sha'anin gado, alƙali na zaune da masu ba shi shawara kan al'ada, ga yawancin Hausawa da Zabarmawan Yamai kuma al'adar gado ta zo ɗaya da fiƙihu. Kafin kotu akwai mai unguwa, wanda doka ta ba ikon sulhu da rubuta takardarsa, akwai kuma Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa a 1974, inda mutane ke kai rigingimun aure da gado. Ban so a kai ga tilasta sayarwa ba, domin ranar da aka sayar tsofaffin gidan ne za su kwashe kaya zuwa haya a Koira Tegi ko bayan Filin Jirgi, nesa da masallacinsu da maƙwabtansu na shekara hamsin. Amma mai neman fita ya san ƙofar tana nan, masu riƙe da gida su ma su sani. Sanin nan kaɗai yakan sa farashin sulhu ya gyaru.

Duk hanyar da aka bi, takarda ce ke rufe ta, kuma a nan ake gane cewa gidan da kowa ke taƙama da shi ba shi da ko ɗaya a shirye. Ana buƙatar takardar rasuwar Alhaji. In ba a yi ta a kan lokaci a ma'aikatar magajin gari ba, sai an nemi hukuncin kotu da zai maye gurbinta. Haka za a yi wa duk magajin da ya rasu bayansa, ɗaya bayan ɗaya, har a iso kan rayayyu. Ana buƙatar zaman dangi a gaban kotu, a rubuta sunayen magada duka, a naɗa wakili. Kada a manta da 'yar da aka haifa a wani gari, domin rabon da aka tsallake magaji rusasshe ne ko bayan shekara nawa ya bayyana. Sai takardar filin kanta, wadda hukumar gari ta ba Alhaji, ko babbar takardar mallaka in ya yi. Tun 2006 akwai hanya mai sauƙi ta samun wannan, wadda ake kira Sheda. A tambayi a akwatin wa take tun kafin a fara maganar kuɗi. Wani lokaci tana ƙarƙashin gadon Gwaggo cikin leda uku, lafiya lau. Wani lokaci kuma tana jingine a hannun wani ɗan kasuwa tun shekarar da Yaya ya so fara safarar albasa, sai an fanso ta kafin a ci gaba.

Cinikin kason a yi shi gaban noter, da sa hannun sauran magada cewa sun sani kuma sun sauke haƙƙinsu na shufu'a bayan ciniki ya ƙullu, domin saukewar da aka yi kafin ciniki ba ta ɗaure kowa. Na nesa ya aiko da wakilci a rubuce. Mai fita ya riƙe kwafin komai, ya ba babban ɗansa kwafi, ya ajiye wani a wani gida daban saboda ruwa da gara. In sunansa ne a kan mitar kuran ko ta ruwa, ya je a sauya kafin ya ci ko dala daga kuɗin.

Bayan duk wannan, ƙarshen Mayu mai zuwa waya za ta yi ƙara, domin lambar tana nan a wayar Yaya kuma katangar yamma ce yanzu ta buɗe baki. Wadda ta fita tana iya bayarwa in tana da hali, gidan kakanta ne, Gwaggo kuma na ciki. Ta tura ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, ta ajiye rasit, sannan ta kira ta faɗa a fili, da wani babba a kusa yana ji: "Yaya, ga jikka 5 nan na turo. Gudummawa ce, a rubuta ta a shafin gudummawa, kada a sa ta a shafin masu kaso."